Kazar Kwarin Barci

Kun daɗe kuna yi mini tsiya a kan kaza. Wai Baba Ilu ba ya cin kaza don tsoron ƙashi, wai haƙora ne suka ƙare. To ga haƙoran nan, sun fi na wasunku ƙwari. Ku gyara zama ku ji, amma duk wanda ya katse ni da dariya, ya sani sandar nan ba ado ba ce.

Yayana Jatau ya bi fatake ƙasar kudu neman goro tun ina kiwon awaki. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har na zama saurayi, babu shi babu labarinsa. Mutanen garinmu Kiyako suka ce a yi masa sadaka a haƙura, Inna ta ce ita ba ta ga gawa ba. Ana nan sai wani falke ya faɗa a kasuwar Sara cewa can bayan Banyo, cikin duwatsu, ya hangi wani Bahaushe ja mai zanen fuska irin namu, amma ga alama ya taɓu, don da kaza a kwando yake yawo. Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Auta, ku biyu Allah ya bar mini. Je ka ɗauko ɗan'uwanka in gan ku tare kafin in mutu." Ta ɗora mini gwadon da ta saƙa da hannunta.

A Gwaram na shiga ayarin Madugu Cindo ina kora masa jakuna. Shi Cindo tsohon ɗan hanyar Gwanja ne, wannan ce fitarsa ta fari zuwa kudu, ka ga makaho ke nan yake jan makafi. Muka yi ta raɓe-raɓe don gudun maharan Ningi har Allah ya kai mu Bauchi, daga nan muka miƙa.

Ranar da muka isa Binuwai riƙe baki na yi. Na tambayi mai jirgi ina ƙetaren yake, ya nuna mini wani baƙi-baƙi can nesa. Muna tsakiyar ruwa dorina ta ɗago kai kusa da mu ta yi hamma, na ga bakin da zai haɗiye jaki da mangalarsa. Ban bar addu'a ko ɗaya ba a cikin waɗanda na sani, har da ta cin tuwo sai da na karanto.

A Banyo aka yi mini wankin babban bargo. Ina tambayar Jatau a kasuwa sai wani mai farin rawani, fes da shi kamar limami, ya dafa kafaɗata. "Jatau na Kiyako? Ai na san shi kamar yunwar cikina." Ni ne na fara ambatar Kiyako, amma murna ba ta bar ni na lura ba. Ya ce Jatau yana bayan gari, ba ya yarda da kowa, sai in ba da wata shaida daga gida a kai masa. Na ciro gwadon Inna na miƙa. Na zauna a bakin masallaci tun hantsi har aka kira magariba. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan, har gobe ban janye ba.

Da muka fara hawan dutse na san abin da aka raba ni da shi. Mu mutanen ƙasar Birnin Kudu muna taƙama da duwatsu. In baƙo ya zo mukan kai shi ya ga kogo, ya ga inda rema ke shan hantsi, mu ce ya taɓa ganin irin wannan? Wallahi da na ga na bayan Banyo kunya ce ta kama ni, namu ashe duwatsun murhu ne. Ka wuni kana hawa, ka ɗaga kai, dutsen bai ma san ka fara ba. Wata safiya na waiga sai na ga gajimare a ƙarƙashinmu, mu a sama shi a ƙasa. Na ce, "Innalillahi! Madugu, mutuwa muka yi ba a gaya mana ba?" Ya ce in rufe masa baki, amma shi ma jikinsa ɓari yake. In ka yi magana hayaƙi ya fito daga bakinka, in ka kurɓi ruwa haƙora su amsa. A wata ruga wata tsohuwar Bafilatana ta gan ni ina karkarwa da 'yar taguwa. Hausarta ba ta da yawa, ta ce, "Ɗan wa? Uwa babu?" Na ce akwai. Ta girgiza kai, ta ba ni madara da ɗuminta, ta yafa mini buzun da take zama a kai. Ban san sunanta ba, amma da buzun nan na tsufa.

Bayan kwanaki muka gangara wani kwari. Ba ku taɓa ganin wuri mai kyau irinsa ba. Shimfiɗaɗɗe, ciyawa shar har gwiwa, ga tafki a gefe, duwatsu sun tare iska ta ko'ina. Mutanen wurin can kan tsauni suke, kuma ba sa yarda baƙo mai makami ya hau musu. Ba na ganin laifinsu, sun sha wuya a hannun masu kamun bayi. Saboda haka duk ayarin da ya zo sayen goro a kwarin nan yake sauka. Muka kafa turaku muna hamdala.

Ba mu gama sauke kaya ba sai ga mata biyu sun sauko, jikinsu ja wur da shafin majigi, jan garin itacen nan, ɗaya ɗauke da kwando. Ta ajiye shi a ƙasa a tsakiyar zango, ta yi ta magana da harshensu, tana nuna kazar da ke ciki tana nuna sama, suka juya da sauri suka haye. Madugu ya washe baki ya ce, "Kun gani? Ko'ina akwai 'yan halas. Sun san haƙƙin baƙo." Mun daɗe rabonmu da nama. Ya ce, "Ilu, kamo ta." Na take fukafukan, na miƙar da wuya, Madugu ya zaro wuƙa ya fuskanci gabas.

"Kai! Kai mai wuƙa! Na haɗa ka da Allah da Annabi kar ka yanka!"

Hausa tsantsa, irin ta gida, daga saman dutse. Muka ɗaga kai. Wani mutum ne yake gangarowa a guje, daga shi sai walki, jiki duk majigi, gashi buzu-buzu. Ya ture Madugu, ya fizge kazar daga ƙarƙashin ƙafata ya rungume ta yana haki. Madugu ya ja da baya ya ce, "A'uzubillahi, mutum ko aljan?" Ni kuwa hannunsa nake kallo. Ɗan yatsansa na hagu guntu ne, lauje ya cire kan tun ina goye, labarin da Inna ba ta gajiya da bayarwa.

Na ce, "Yaya?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wane ne kai?"

"Ilu ne."

"Ilu ai yaro ne."

"Na girma, Yaya."

Sai ya zauna daɓas a ciyawa da kazar a cinya. Ya ce, "Inna fa?" Na ce tana nan, ita ta aiko ni. Ƙaton mutum ya dinga kuka kamar an yaye shi yau, ni ma na taya shi, fatake suna tsaye suna kallonmu.

Da ya natsu ya ce ni da Madugu mu biyo shi. Ya ɗauki bakin wuta, ya kai mu can ƙarshen kwarin, inda ƙasa ta lotsa kusa da tafki. Ya ce mu tsaya a gaɓa, kar wanda ya sunkuya. Ya ɗaura wutar a jikin gora ya zura ta cikin ramin a hankali. Tana ci bal-bal, tana isa wani wuri sai ta mutu murus, kamar an tsoma ta a randa. Babu ruwa, babu iska, babu komai da ido zai gani. Na leƙa, sai ga ɓeraye da 'yan tsuntsaye birjik a ƙasan ramin, kwance, ko ƙuda babu a kansu.

Ya ce, "Ƙasar nan numfashi take, kuma numfashinta kisa yake. Ba shi da launi, ba shi da wari. Nauyi gare shi, a ƙasa yake kwanciya kamar ruwa. Yawancin kwanaki a ramin nan yake tsayawa. Wata rana kuma sai ya cika ya tumbatsa, ya malale kwarin nan duka. Kaza gajera ce, ita yake fara kamawa. In ka ga ta buɗe baki ta kife, ka bar komai ka hau dutse. Matan nan ba abinci suka kawo muku ba, mai gadi suka kawo muku."

Madugu ya ce, "To me ya hana su faɗa?"

"Sun faɗa. Kai ka ji harshensu? Kuma Bahaushe ya sauka baƙunta, mai masauki ya ajiye masa kaza a gaba, me zai yi da ita? Mu ma abin da muka yi ke nan."

Ashe ayarinsu Jatau sun yanka tasu sun sha romo, har suna yaba kirkin mutanen dutse. Da safe jakinsa ya tsinke ya haye tudu, ya bi shi. Ko da ya dawo da hantsi ya tarar kowa yana kwance, ya yi ta yi musu tsiya wai rana ta fito. Ya taɓa abokinsa, wani ɗan Wurno da suka taso tare, ya ji shi sanyi ƙalau. Shi ma da ya sunkuya sai jiri ya ɗebe shi, da rarrafe ya kai gangare, mutanen dutse suka ja shi sama. Shi kaɗai ya saura. Tun daga ranar fatake suke ce wa wurin Kwarin Barci, amma suna bai hana kowa sauka ba, don babu wani masaukin.

Na ce, "To Allah ya ji ƙansu. Yaya, haɗa kayanka, Inna tana jira."

Ya ce, "In na tafi wa zai hana a yanka?" Ya ce ya gwada koya wa samarin dutse Hausa, amma wane madugu ne zai saurari mai walki yana gwaranci? Sai sun ji wanda zai haɗa su da Allah da harshen gida suke mai da wuƙa kube. Yau ma da ya ƙara jinkiri kaɗan a kan tsauni da tuni mun fige ta. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce mutanen da ba danginka ba sun fi uwarka? Muka kwana uku muna abu ɗaya. Ranar da ayari zai juya ya kira ni gefe.

"Auta, riƙe mini kwandon nan damina ɗaya. In je in ga Inna in dawo, kai kuma ka tafi. Kafin nan ma yi dabara."

Na ce, "Ai tare ta ce tana so ta gan mu."

"Ɗaya bayan ɗaya ya fi babu."

Na karɓi kwando. Ya ari rigata da hulata, don ba ya shiga Kiyako da walki. Na tsaya a kan dutse ina kallon rigata tana tafiya har ta ɓace.

Wanda ya koya wa Jatau aikin wani tsoho ne, gadon gidansu ne tun kaka da kakanni. Ban iya kiran sunansa ba, sai na ce masa Tsoho, shi kuma yana ce mini Ƙanin Ja da harshensu. Kullum in na idar da sallar asuba a kan falalen dutse, sai mu gangara, shi da wuta ni da kwando. Ba ramin kaɗai ake dubawa ba. Sai ya tsaya ya kama kunnena ya juya shi wajen tafki, wato kwaɗi suna kuka ko sun yi shiru? Ya nuna mini tururuwa, suna harkarsu ko sun kwashi ƙwai sun nufi tudu? Tsattsewa tana shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa ko ta ƙi sauka? Rema tana shan hantsi a duwatsun ƙasa ko ta koma na sama? Hayaƙin wuta yana miƙewa ko yana kwanciya? Ruwan tafki baƙi ne kamar kullum ko ya fara ja? In muka hau da yamma sai ya zauna ya rera wata doguwar waƙa, wadda da na ji harshen na gane ba waƙar nishaɗi ba ce. Abin da kakanninsa suka gani ne, shekara bayan shekara: shekarar da aka yi ruwa mai sanyi birai suka bar kwari, shekarar da tafki ya yi ja bai kashe kowa ba, shekarar da bai yi ja ba ya kashe. In shekara ta ƙare sai ya ƙara mata nata baitin.

Da farko na raina abin. Ni da na zo ɗaukar mutum, ga ni ina gaida kwaɗi kowace safiya. Ga abincinsu, gwaza yau gwaza gobe, sai ayaba dafaffiya. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na farka ina lasar baki. In na ga shamuwa sun wuce arewa sai in ce su gai da Kiyako, in ce yanzu ana can ana gyaran gona.

Damina ta wuce. Na share ɗaki, na ɗaure 'yan kayana, kullum ina kan falalen dutse ina duban hanya. Rani ya wuce. Wata daminar ta sauka. Duk ayarin da ya zo, bayan na ƙwace kaza daga hannunsu, sai in tambaya ko sun ga wani ja mai guntun yatsa. Babu. Na ce ko ya mutu a hanya, na yi masa kuka. Sai wani ɗan Gwaram ya ce mini ai ya gan shi a kasuwar Sara yana sayar da dawa, har ya yi aure. Jama'a! Ban san sa'ad da na yi jifa da ƙwaryar da ke hannuna ba. Ɗan'uwana, ciki ɗaya, ya sa rigata ya bar ni da kaza! Mai farin rawanin Banyo gwado kawai ya ɗauka.

Washegari na ajiye wa Tsoho kwandonsa na kama hanya. Bai hana ni ba, ya ma ba ni guzuri. Na kai mashigin dutse ke nan sai na yi kiciɓis da wani ayari suna shigowa, da mata, da goyo, wata yarinya a kan jaki tana waƙa. Suka yi mini sallama suka ce, "Malam, akwai masauki a gaba?" Na tsaya ina kallon yarinyar. Na zagi Jatau, na zagi dutsen, na zagi kaina, sa'an nan na juya na shige gabansu.

A damina ta huɗu ko ta biyar na ga abin da idona. An kwana biyu ana ruwa mai sanyi ba ƙaƙƙautawa, sai aka wayi gari tsit, ko ganye ba ya motsi. Akwai ayari a kwari, mutanen Zazzau. Muna gangarowa Tsoho ya tsaya cak. Bai kama kunnena ba, ni da kaina na ji: babu kwaɗo ko ɗaya. Tururuwa sun yi baƙi a jikin dutse suna hawa. Hayaƙin zangon ya kwanta a kan ciyawa ya ƙi tashi. Tsoho ya busa ƙaho, ni na ruga ƙasa. Ina isa na dubi kwandon da na ba su. Kazar ta buɗe baki, ta yi taga-taga, ta kife.

"Ku hau dutse! Ku bar kaya! Kar wanda ya sunkuya! Ku ɗaga yara sama!"

Na fizgi wani yaro na saɓa a wuya. Mutane suka watse suna salati. Wutar murhu ta mutu a gabana, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa ta. Ƙirjina ya yi nauyi, kunnuwana suna ƙara. Mun kai gangare sai wani dattijo ya ce jakarsa tana da ciki, ba ya barinta a turke. Na riƙe rigarsa, ya fizge. Muna kallo ya isa, ya sunkuya zai kwance igiya, sai ya dafa ƙasa kamar mai neman allura, ya kwanta a gefen jakar. Ɗansa ya yunƙura zai bi shi, mu uku muka danne shi. Daga inda muke har zanen hular dattijon muna gani. Rana ta fito sarai, ciyawa shar, wuri ya yi kyau kamar ba a taɓa mutuwa a duniya ba, jakuna suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya ba ko kuka. Sai da iska ta taso da la'asar Tsoho ya gwada da wuta ya ce a sauka. Mutum ɗaya muka binne. Da an sha romo a daren da ya gabata da babu mai binne wani.

Daga ranar ban sake ɗaure kaya ba. Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta, to ni dai ya hana. Na auri jikar Tsoho, mace mai haƙuri, ta karɓi salla, ta haifa mini 'ya mace. Tsoho ya mutu, waƙar ta dawo bakina, ina rera ta da harshensu ina ƙara nawa. Uwar yarinyar ma ta rasu. Yarinya ta tashi da harshe biyu, Hausarta kuwa ta Kiyako ce sak, har da tsiwar. Tun tana budurwa take riga ni sauka zango. Na taɓa ganin ta tsaya gaban wani madugu mai gemu har ƙirji ta ce, "Baba, in ka yanka ta, wa zai yi maka salla gobe?" Mutumin ya mai da wuƙa yana ba ta haƙuri.

Furfura ta cika mini kai lokacin da wani falken Gwaram ya sauka. Na tambaye shi Kiyako don sabo kawai, ba don ina sa rai ba. Ya ce, "Kiyako? Inda makauniyar tsohuwar nan take zama a bakin zaure tana tare fatake, wai ko sun ga autanta?" Ashe Inna tana raye! Na daɗe da yi wa Inna addu'ar matattu. 'Yata tana tsaye da kwando a hannu, lokacin ta yi aure a can har da goyo. Ta ce, "Baba, tashi ka bi su. Waƙar tana bakina, kazar tana hannuna. Me kake jira?" Na ce damina ɗaya zan yi in dawo. Sai da na faɗa na ji ashe maganar Jatau ce ta fito daga bakina.

Ban san yadda na ƙetare Binuwai ba a komowa, dorina ma ba ta ishe ni kallo ba. Tafe nake ina tsara abin da zan gaya wa Jatau, kowane zango ina ƙara masa gishiri.

Da la'asar na shiga Kiyako. Wani tsoho ja yana zaune a zaurenmu yana tufkar igiya da guntun yatsa. Ya ɗago, ya gan ni, igiyar ta faɗi. Ban yi masa sallama ba, na wuce shi kamar turmi. Ya biyo ni a baya.

Inna tana tsakar gida a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na durƙusa na ce, "Inna." Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta bi zanen da yatsa, ta taɓa gemu. Ta ce, "Auta, wa ya ba ka izinin tsufa?" Sa'an nan ta lalubo hannun Jatau ta haɗa da nawa ta riƙe gam. Na so in zare, ƙarfin tsohuwar nan ya ba ni mamaki.

Ta ce, "Na ji numfashinka, faɗa ka zo da shi. To da ni za ka yi. Damina tana wucewa ya ɗaure kaya zai koma, na ce in ya taka ƙofar garin nan ban yafe masa nonona ba. Na aiki ɗaya ya ɗauko ɗaya, aka dawo mini da ɗaya. In sake sakin wanda ke hannuna? Sau nawa yana durƙusa mini yana kuka. Ni na riƙe shi."

Jatau bai ɗago ba. Ya ce a hankali ya yi ta ba fatake saƙo. Ko ɗaya bai same ni ba. Duk maganar da na tsaro tun daga Banyo, na rasa wanda zan zuba wa ita. Ka yi shekaru kana wasa wuƙa, ka zo ka tarar uwarka ce.

Inna ta ɗaga murya ta kira matar Jatau. "Ke! Baƙo ya zo daga nesa kuna tsaye? A kama kazar nan a yanka masa."

"Kar a taɓa ta!"

Mu biyu muka faɗa, baki ɗaya, har matar ta saki tsintsiya. Muka dubi juna, ni da shi. Ashe shi ma tun da ya dawo ba a taɓa yanka kaza a gidan nan da saninsa ba. Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, na ce masa, "Ina rigata, ɓarawo?" Ya ce tana nan cikin adaka, bai sake sa ta ba.

Inna ta bar mu muka gama. Har yanzu hannuwanmu suna cikin nata. Sa'an nan ta ce, "Jatau ya gaya mini ba a barin dutsen nan sai an bar wani. Shi kai ya bari. Kai wa ka bari?"

Na ce, "Jikarki, Inna. Sunanki na sa mata. Uwani muke ce mata."

Sai ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ce, "To a cikinku wa zai je ya ɗauko mini ita?"

Kazar tana ta tonon ƙasa a gindin turmi.

Inna ta rasu da kaka, tana riƙe da mu biyu kamar yadda ta roƙa. Na yi shirin komawa, gwiwa ta ce ba da ita ba, ga shi ko masallaci sai da sanda. Shi ya sa kuke ganina ran kasuwar Sara ina sa a ɗora ni a jaki, in je in zauna a bakin hanya ina tare fatake. Ba goro nake tambaya ba. Tambayarsu nake ko sun sauka a Kwarin Barci, ko wata mace mai tsiwa ta ƙwace musu kaza.